Inda Allura Ba Ta Yi Masa Zafi

Mijina mahauci ne. Shekara ashirin da shida muka yi tare, ban taɓa ganin ƙarfe ya ba shi tsoro ba sai ranar da nas ta ɗora sirinji a kan tebur. Mutumin da yake raba ƙashin bayan bijimi da sara uku, shi ne ya ja kujerarsa baya har ta bugi bango.

"Kullum?" ya ce.

"Kullum, safe da yamma, kafin cin abinci," in ji nas.

"Har yaushe?"

"Baba, kai dai ka fara tukuna."

Ciwon suga ne. Kafin mu kai ga wannan ɗakin ya yi shekara biyu yana shan ƙwaya, ƙwayar ba ta riƙe shi ba. Ya rame har sai da na ƙara wa bel ɗinsa huji uku da ƙusa. Ruwa yake sha kamar ana zubawa a rami, ya fita fitsari ya dawo ya sake fita. A kasuwa mutane suka fara kallonsa ta gefen ido, don ba mai son sayen nama a hannun mutumin da ƙasusuwan wuyansa suka fito. Wata mata da ta shekara goma tana saye a wurinsa ta tsallake shi ta je tebur na gaba, yana kallo. Ranar ya dawo gida bai ci komai ba. Ni kuwa abu ɗaya nake roƙo, kada in rasa shi. Duk abin da aka ce in yi, zan yi.

Ya ce hannunsa ba zai iya soka wa kansa ba, sai nas ta koya mini. A murza kwalbar tsakanin tafin hannu har ruwan ya yi fari kamar madara. A ja zuwa lamba goma sha biyu. A tattaro fata da yatsu biyu, a soka, a tura, a ƙirga goma, a zare. Karatuna bai yi nisa ba, amma lamba ba ta ɓace mini.

Zan faɗi gaskiya, tunda ɓoyewa ba ta da sauran amfani. Nas ɗin ta ce a riƙa canza wuri. Sau ɗaya ta faɗa, kanta a sunkuye tana rubutu a kati, mutane sun cika ƙofa suna leƙe. Ta kuma ce ya riƙa yawo da alewa a aljihu, in ya ji jikinsa na rawa ya jefa a baki. Na ji duka biyun. Ban tambayi dalili ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Watan farko yaƙi muka yi. Na yi masa a cinya, ya kurma ihu har maƙwabciyarmu ta ƙwanƙwasa ƙofa. Na yi a dantse, ya ce na taɓa masa ƙashi.

"Likitan gida, a hankali. Ni ba na sayarwa ba ne."

"Kai da kake yini kana yanka? Ka taɓa tambayar wani sa ko da zafi?"

"Sa ba shi da mata mai mugun hannu."

Haka muka yi ta yawo a jikinsa har muka zo gefen cibiya, ta dama, kamar faɗin yatsa uku. Nan ya ce da sauƙi. Washegari ya ɗaga riga da kansa ya nuna wurin. Jibi ma haka. Bayan wata biyu ko motsi ba ya yi, ina soka masa yana sauraron rediyo. Wani lokacin sai ya ce, "Kin yi ne?" In ce, "Tun ɗazu." Na ji daɗi ƙwarai. Wace mace ce za ta samu wurin da mijinta ba ya jin zafi, ta bar shi ta koma inda yake ihu?

Jiki kuwa ya dawo. Kumatu suka ciko, wuya ya rufe, hujin bel ya riƙa komawa baya ɗaya bayan ɗaya har ya wuce inda yake tun asali. Ƙaninsa, wanda suke tebur ɗaya a kasuwa, kowa Ƙarami yake ce masa ko da yake ya haura arba'in da 'ya'ya biyar. In ya zo gidanmu sai ya tsaya daga ƙofa ya ce, "Matar Yaya, me kike ba shi ne? Ki rage, kada a yi kuskure a ɗora shi a sikeli." In ce masa ya kawo nasa cikin in soka masa, ya ce shi ramarsa ta ishe shi.

A cikin shekara ta biyu na lura wurin ya taso. Da farko kamar rabin ƙwai a ƙarƙashin fata. Kafin shekarar ta ƙare ya kai girman lemo, mai laushi, ba ja, ba zafi. Gabana ya faɗi, don wata ƙanwar mahaifiyata da ƙullutu ta fara, kuma shi ya tafi da ita. Na ce mu nuna wa likita.

Ya zauna a bakin gado ya cire riga. Ya kama abin da yatsu uku kamar yadda yake kama nama a tebur, ya murza, ya ja, ya saki, ya girgiza shi.

"Kitse ne," ya ce.

"Ka tabbata?"

"Shekara talatin ina taɓa kitse, ke za ki tambaye ni? Mugun ƙullutu na sha ganinsa a jikin dabba. Tauri gare shi, yana manne da tsoka, in ka tura ba ya tafiya. Wannan kuwa duba, sulɓi yake yi. Kitse ne mai kyau, irin na tozo. Da a tebur yake, da safe zai ƙare."

Daga ranar ya sa masa suna tozo. Ya ce maganin nan na gaske ne, tunda ko inda yake shiga ma nama ne ke tsirowa. Ni ma na ɗauka haka. Na ce a raina maganin ya san hanyarsa a nan, kada in ɓata masa hanya. Kuma bai yi ƙarya ba, kitsen ne. Hannunsa bai ruɗe shi ba.

Sai dai lambar da ake gwadawa a asibiti ta fara hawa. Duk wata biyu muke zuwa. Yakan yi wanka sau biyu, ya sa babbar riga mai guga, ya fesa turare, don yana jin kunyar kada likita ya ji ƙarnin nama a jikinsa. Mu zauna a benci tun safe har rana ta take. In an kira mu, yau wannan likita gobe wancan, a dubi kati, a dubi lamba, a ɗaga kai.

"Me yake ci?"

Ni ake kallo, ba shi ba. Sai a ƙara magani. Daga sha biyu zuwa sha takwas. Ashirin da huɗu. Talatin. Talatin da takwas. A shekara ta huɗu ta safe kaɗai ta kai arba'in da shida. Ba wanda ya taɓa cewa ya ɗaga riga, mu ma ba mu ɗaga ba. Wa zai ɓata wa likita lokaci a kan kitse?

Wani likita mai gilashi ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye. Ya ce in lambar nan ba ta sauko ba, ido zai tafi, ƙoda za ta bi, ƙafa ma ana iya yankewa. Lokacin maigida ya riga ya fara kawo fuska kusa da sikeli kafin ya karanta, yatsun ƙafarsa kuma ya ce kamar na aro ne. A mota muna komawa gida na yi ta kuka a cikin mayafi. Ya ce, "Haba, Likitan gida, mutane za su ce na dake ki."

Na ɗaura yaƙi da duk wani abu mai zaƙi. Na fitar da suga daga gidan gaba ɗaya, har yara suka koma shan shayi a maƙwabta. Shinkafarsa da ɗan kofi nake aunawa. Ina wanki na samu ledojin alewa guda shida a aljihunsa, wadda nas ta ce ya riƙe saboda rawar jiki. Rawar jikin ba ta taɓa zuwa ba, shi kuwa yana ta tsotsa. Na daina sa masa. Na ce wanda lambarsa take sama kullum, me zai yi da alewa?

Ban tsaya nan ba. Na shirya na tafi kasuwa, abin da ban saba ba. Na sami mai shayin da ke bakin layin mahauta.

"Malam, in mijina ya zo, ba suga. Ko cokali ɗaya."

"Hajiya, in ya matsa fa? Kin san Dogo in ya so abu." A kasuwa Dogo suke ce masa.

"Ko ya yi kuka. Ko ya durƙusa maka. In ka ba shi, kai ka kashe mini shi."

Ya ajiye ludayinsa ya rantse. Na je wurin matar da ke sayar da lemon kwalba a cikin kula, ita ma ta rantse. Na bar Ƙarami a ƙarshe. Yana son ya mai da abin wasa, na kama hannun rigarsa a gaban mutane.

"Ba wasa na zo yi ba. Idonsa ya fara tafiya. Na ba ka amanarsa daga safe zuwa yamma."

Ya daina dariya. Ya ce, "Na karɓa, Matar Yaya."

Duk da haka lambar ba ta sauko ba. Wata rana ta ɗan yi ƙasa mu yi murna, washegari ta koma sama ba dalili. Na zarge shi, ya rantse ba ya ci a ɓoye. Na zargi maganin, na canza kemis. Na zargi firjinmu, na kai kwalbar firjin maƙwabciya. Babu abin da ban zarga ba, ban da wurin da nake sokawa.

Ranar Talata ce. Da safe na ɗaga rigarsa na ga saman tozon ya yi ja, da ɗan ƙurji mai bakin ruwa daidai inda allurar jiya ta shiga. An sha gaya mana mai suga ba ya wasa da ƙurji. Na wanke wurin da ruwan ɗumi na rufe da filasta.

"Yau a cinya za a yi," na ce.

"Ki matsa gefe kaɗan mana, tozon ai da faɗi."

"Ba zan soka kusa da ƙurji ba. Kwana biyu ne kawai, ya warke mu koma."

"Ke dai kin yi kewar ihuna."

Na ja zuwa arba'in da shida kamar kullum. Na tattaro fatar cinyarsa ta hagu na soka. Ya ciji leɓe ya kira sunan Allah. Na kawo masa shayi da burodi da ƙwai, ya kurɓi shayin, ya gutsuri rabin burodin a tsaye. Ya ce shanu uku za su gyara wa wani gidan abinci, Ƙarami na jiransa a mayanka, zai ci a can. Ya hau kekensa. Ina jin ƙarar sarƙar har ya sha kwana.

Abin da ya faru a kasuwa ban gani ba, daga baya aka ba ni labari. Sun gama da mayanka, maigida ya yi ta ɗaukar cinyoyin shanu a kafaɗa yana ratayewa. Wajen ƙarfe goma gumi ya fara keto masa, riga ta jiƙe sharkaf. Wata mata ta ce a ba ta tsoka, ya zuba mata ƙashi. Da ta yi magana ya zage ta, shi da bai taɓa ɗaga wa mai saye murya ba. Wuƙa ta faɗi daga hannunsa. Ya bar teburin ya nufi mai lemo yana tangaɗi.

"Ba ni ɗaya. Mai sanyi."

"Dogo, ka yi haƙuri, na yi wa matarka rantsuwa."

Ya wuce wurin mai shayi. Shi ma ya hana. Sai ya kai hannu ya sure gwangwanin suga daga kan tebur, yana ƙoƙarin buɗewa yatsunsa sun ƙi. Ƙarami ya rugo ya kama gwangwanin. Suka yi ta ja a gaban jama'a.

"Ƙarami, sakar mini. Yunwa nake ji. Don Allah, ɗan'uwana."

"Yaya, ba zan kashe ka da hannuna ba."

Ƙarami ya fi shi ƙarfi a ranar, ya ƙwace. Kowa ya ce sugan ne ya hau masa kai. Suka kama shi suka kai ɗakin ajiya da ke bayan rumfuna, suka kwantar da shi a benci, wani ya yi masa fifita da kwali. Ba a jima ba ya yi shiru, ya fara minshari. Suka ce alhamdulillahi, ya samu barci, a bar shi ya huta. Ƙarami ya koma ya ƙarasa aikin gidan abincin. Sai wajen ƙarfe ɗaya ya je tashinsa, ya girgiza shi, ya zuba masa ruwa a fuska, bai motsa ba.

Ina tsakiyar shanya kaya, sai waya ta yi ƙara. Abin da na ji kawai shi ne, "Matar Yaya, ki zo, ya ƙi tashi." Na bar bokiti a nan. Na buɗe firji na ɗauki kwalbar da sirinji na ƙulle a bakin zane, don ni ma abin da ya zo mini ke nan, suga ya hau. Takalmi ma ƙafa ɗaya nawa ne, ɗaya na 'yata.

Ɗakin ajiyar ba taga. Tsofaffin sikeli, ƙugiyoyi, buhunan gishiri, ƙudaje. Yana kwance a bencin, hannu ɗaya na lilo, bakinsa a buɗe. Na taɓa goshinsa, sanyi ƙalau, ga gumi kamar an tsamo shi daga rijiya. Na kira shi da sunan da nake kiransa a ɗaki, wanda ban taɓa faɗa a gaban mutane ba. Na durƙusa na murza kwalbar, na soka sirinji na fara ja.

Wani hannu ya riƙe wuyan hannuna. Mai kemis ɗin tsallaken titi ce, wata doguwar mata, wani ya je ya kirawo ta.

"Baiwar Allah, tsaya. Kin gwada?"

"Sakar ni, suga ne ya hau!"

"Na ce kin gwada?"

Ta huda yatsansa ta ɗiga jinin a 'yar na'urarta. Na'urar ba ta nuna lamba ba, wasu haruffa biyu ta nuna. Matar ta miƙe tsaye da sauri.

"Ba hawa ya yi ba. Sauka ya yi, ya sauka har ƙasa. Tun yaushe yake haka? Ku kawo suga! Ku nemo mota!"

Mai shayi ne ya kawo gwangwanin da gudu. Ta jiƙa yatsa ta dangwala ta riƙa goga masa a dasashi. Na ga Ƙarami ya jingina da bango ya sulale har ƙasa.

A tasi kansa na kan cinyata. Motoci sun cushe a mararraba, direba na ta hon, ni ina ta goga suga a bakinsa yana dalalowa ta gefe. Ina cewa ka haɗiye, ka haɗiye mana, ga shi na ba ka, duka naka ne. Na leƙa ta taga ina roƙon masu motoci su ba mu hanya, wani ya ɗaga mini hannu, ina zai matsa? Sai bayan ƙarfe biyu muka shiga asibiti.

Suka ɗura masa ruwan suga ta jijiya da wani ƙaton sirinji, suka rataya wani. Nas ta ce yawanci kafin a zare allurar mutum yake buɗe ido. Na tsaya ina kallon idonsa. Aka zare. Aka ƙara wani. Lambar ta hau ta dawo daidai, shi bai dawo ba.

Washegari wata likita mai furfura ta zo zagaye. Ta karanta katinsa tun daga shafin farko. Sannan ta yaye zanen da aka rufa masa, ta ga filasta, ta ga tozon. Ta danna shi da yatsu biyu, ta daɗe tana dannawa.

"Mama, nan kike yi masa allura?"

"Nan ne. Nan ne ba ya jin zafi."

"Tun yaushe?"

"Shekara huɗu."

"Ba likitan da ya taɓa ganin wannan?"

"Ba wanda ya tambaya. Shi kuma ya ce kitse ne."

"Kitse ne," ta ce. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta yi mini bayani a hankali, kuma na riƙe shi kamar yadda ta faɗa. Ta ce kitsen jikin mutum ba dunƙule ɗaya ba ne, wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna ne da ido ba ya gani, kamar ƙwan kifi. Maganin nan aikinsa ba sauke suga kaɗai ba ne. Yana kuma umartar jakunkunan su buɗe baki su tara, su kumbura, shi ya sa mai yin allurar yake yin ƙiba. To in kullum a wuri ɗaya ake zuba shi, jakunkunan wurin sai su yi ta ci ba hutu, su yi ƙato-ƙato, su cushe, har wurin ya taso. Wurin yakan dakushe, ba ya jin zafi. Jini kuma ba ya ratsa shi sosai. In an zuba magani a ciki sai ya maƙale, kaɗan ne yake fita ya shiga jiki, yau da yawa gobe kaɗan.

"Shi ya sa lambarsa ta ƙi sauka," ta ce. "Ba abincinki ba ne. Muna ta ƙara magani, kitsen yana ta riƙewa."

Na ce, "Ba ya ci a ɓoye ke nan?"

"Ba lallai ba ne." Ta dubi filastar. "Jiya da safe a ina kika yi masa?"

"A cinya."

"Lamba nawa?"

"Arba'in da shida."

Ta rufe ido ta buɗe. Ta ce a cinya ba abin da zai tare shi. Duka arba'in da shidan suka shiga jini, ga tuƙa keke, ga ɗaukar kaya, ga ciki ba abinci. Ta ce da an san da tozon, da an canza wuri an kuma rage lambar sosai a rana ɗaya.

Na kama hannun rigarta. "To ku yanke shi. Ku cire shi yanzu, na yarda, kawo takarda in dangwala."

"Mama, ba shi ne ya kwantar da shi yanzu ba. Ƙwaƙwalwa da suga take rayuwa, tasa ta daɗe ba ta samu ba. Shi wannan, da an bar shi ya huta wata shida, da kansa zai iya sacewa."

"Ni ce ke nan."

"Hannu da yawa ne a ciki. Har da namu, da muka yi ta rubuta lamba ba mu ɗaga riga ba."

"Zai tashi?"

Ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Gado na huɗu daga ƙofa, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Ina juya shi duk bayan awa biyu kamar yadda aka nuna mini, ina goge masa jiki, ina shafa masa mai a ƙafa. Ina ba shi labarin kasuwa, ina ƙirƙiro wanda ban sani ba. Na ce masa matar nan da ya zaga ta dawo tana nemansa. Na ce in ya tashi zan dafa masa shayi da suga cokali uku, in zauna in kalle shi ya sha. Na sayo zuma na riƙa shafa masa a leɓe in nas ta juya baya, ko da yake an ce mini ba abin da za ta yi. A kwana na biyar ya buɗe ido. Na yi ihu na tara mutane. Idon yana kallon silin ne kawai, na sa fuskata a gabansa, ya wuce ni. Duk likitan da ya gifta sai na tare shi, har suka fara canza hanya.

Ƙarami kullum yana zuwa, amma bai taɓa shiga ɗakin ba. A matakalar waje yake zama tun safe har a kori masu dubiya.

A kwana na tara ƙirjinsa ya fara ƙara, zazzaɓi ya rufe shi. A na sha ɗaya, da hantsi, ina riƙe da ƙafarsa ina yanke masa farce, numfashin ya tsaya. Na jira na gaba, bai zo ba. Sai da na ƙarasa yatsan da nake kai sannan na kira nas.

Ban gaya wa kowa maganar cinya ba. Dangi sun san labarin gwangwani, don a gaban kasuwa aka yi, shi suke maimaitawa ƙasa-ƙasa in sun zo gaisuwa. Na ji, na yi shiru. Wata biyu ina shiru.

Sai matar Ƙarami ta zo ta same ni. Ta ce tun ranar bai taka kasuwa ba. Ba ya ci sai an matsa, ba ya magana da yara, ya ba da wuƙaƙensa. Ta ce, "Yaya, ke kaɗai zai ji maganarki. Kada mu rasa biyu."

Na same shi a bayan ɗakinsu a kan wani tsohon benci, ya rame, gemu ya cika masa fuska. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai.

"Ya ce mini ɗan'uwana," ya ce. "Ya roƙe ni. Na murɗe masa hannu."

"Ni na sa ka rantse."

"Ke ba ki ga idonsa ba."

Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Na faɗa masa duka, tozon, jakunkunan, ƙurjin, cinyar hagu, arba'in da shida. Na ce kafin Yayansa ya iso wurin gwangwanin, ni na riga na zuba masa abin da ya kayar da shi, da hannun nan, kuma shi ya ce in matsa gefe kaɗan na ƙi. Na ce in dangi suna neman wanda za su nuna, ga ni, ya gaya musu, ko ni in gaya musu da kaina.

Ya ɗago kai ya dube ni. Sannan ya ce, "Da na ba shi, da ya tashi?"

Na so in ce a'a. Likitar ba ta ce a'a ba, ni kuma na gaji da rufe magana.

"Ban sani ba, Ƙarami. Wataƙila."

Matarsa ta kawo abinci a kwano ɗaya da cokali biyu, ta ajiye a tsakaninmu ta koma ciki. Na ɗauki cokali na miƙa masa, ya karɓa ya riƙe. Har na taso bai kai baki ba. Ban sani ba ko na rage masa kaya ne, ko nawa na ɗora masa a kan nasa. Na ce zan dawo gobe, ya ce to.